Gammon Babur Ya Mutu, Mai Kaya Ke Biya

Akwai wani haraji da 'yan kasuwar Damagaram suke biya kullum rana ta Allah, ba a yanka musu takarda, kuɗin ba ya shiga asusun magajin gari, kuma babu mai kokawa a kansa. Da fasasshen ƙwai ake biyansa, da tumatirin da ya dame a gindin kwando, da tulun Mirriya da ya iso gari da tsaga, da man gyaɗar da ya tsiyaye a hanya, da kuma ciwon ƙugun da ke hana uwar 'ya'ya barci bayan ta yini a kasuwa. Mai karɓar harajin nan wani ɗan ƙarfe ne da bai kai kamu ɗaya ba, wanda yake ƙarƙashin kujerar kowane babur, hagu da dama, ga kuma 'yan uwansa biyu a ƙafar gaba. Waɗanda suka yi lakwal suna ce masa amortisa, makanikan da suka yi koyo a Kano ko Daura kuma su ce shokozoba. A wajenmu dai gammon babur ne, domin aikinsa ke nan.

Iyayenmu mata sun fi kowa sanin darajar gammo. Babu macen da za ta ɗora ƙwaryar nono ko tulun ruwa a tsurar kanta ta kama hanyar Kasuwar Dole, komai saurin da take yi, sai ta tsaya ta naɗe ɗan tsumma tukuna. To amma matar nan da ba ta yarda ta yi taku goma babu gammo, ita ce za ta hau babur ɗin da gammonsa ya mutu tun bara, ta rungume kiret uku na ƙwai, a yi ta buga ta da ƙasa tun daga Garin Malam har bakin rumfarta, ta sauka ta biya kuɗi, har da godiya. In ta buɗe kaya ta ga ɓarna sai ta ce hanya ce ba kyau, ko kuma tsautsayi ne wanda ba ya wuce ranarsa. Hanya tana da nata laifi, za mu zo kanta. Sai dai da yawa daga abin da muke ɗora wa hanya, a ƙarƙashin kujerar da muke zaune yake.

Ra'ayinmu a kan wannan magana ba shi da wuyar faɗi. Mai babur yana jinkirta canza shokozoba ne saboda ba shi ne yake fara jin zafin mutuwarsa ba. In fulogi ya mutu babur ba ya tashi, dole a saya a ranar. In taya ta fashe babu tafiya, dole a nemi mai faci. Amma shokozoba zai iya mutuwa murus, babur kuma ya ci gaba da tashi da bugu ɗaya, yana gudu, yana kawo kuɗi. Asarar tana sauka ne a kan kayan fasinja da jikinsa, wato mu 'yan kasuwa. Tun da kuwa mu ne masu biya, ko mun so ko mun ƙi, muna da haƙƙin sa baki a maganar, kuma ya fi mana sauƙi a biya kuɗin gyara sau ɗaya a fili da a riƙa yankar mu kaɗan-kaɗan a kowace ranar kasuwa.

Kakanninmu fatake ba su san wannan sakaci ba. Tun zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa kuma ya rasu a 1884, har zuwa zamanin attajirai irin su Malam Yaro na Zango, ayari yana tashi daga garin nan ya nufi Kano, ko ya yi arewa ta Agadas har Tarabulus. Kafin a ɗaure kaya, akumarin jaki da sirdin raƙumi ake fara dubawa, domin kowa ya san dabbar da shimfiɗa ta ci wa baya ba ta kai kaya zango na gaba, sai a raba nauyinta ga sauran, tafiya ta ƙara nisa. Mai kaya ne yake tsayawa a kan wannan dubawa, ba ya barin ta ga yaron da ke korar jakai shi kaɗai. Yau babur ya gaji jakin, amma dubawar ba ta sami magaji ba.

Yana da kyau mai karatu ya san irin dabbar da muke ɗora wa kaya a yanzu. A 1975 ne kamfanin Honda na ƙasar Japan ya fito da babur ɗin da ake kira CG125, kuma ya ƙera injinsa ne musamman domin ƙasashen da ba a cika juye baƙin mai a kan kari ba. Daga baya masana'antun Sin suka yi ta ƙera masu kama da shi a farashi mai sauƙi, suka cika kasuwannin Afirka ta Yamma a shekarun 2000, sannan ga na Indiya irin su Boxer. Su Kasea da Haojue da Jincheng da muke gani a bakin kasuwa duk daga wannan guguwa suka zo, kuma su ne suka sa talaka ya iya mallakar abin hawa, sana'ar kabu-kabu ta zama abincin dubban gidaje. Injin nan mai haƙuri ne ƙwarai, kuma haƙurin nasa ne yake yaudararmu, har mutum ya ɗauka duk jikin babur haka yake. Inji zai iya shekara da shekaru yana aiki, alhali ƙafafun da ke ɗauke da shi sun daɗe da gajiya.

Irin waɗannan ƙananan babura, nauyin da aka ƙera su su ɗauka, da direba da fasinja da kaya gaba ɗaya, yana wajen kilo 150 ne ko sama da haka kaɗan. To mu yi lissafi irin namu na kasuwa. Buhun hatsi mai tiya 40 kilo 100 ne. A ɗora shi a kan tanki, direba ya zauna, mai buhu ya zauna a baya, an riga an haura kilo 200 tun ba a ɗauko ɗan ƙunshin cefane ba. Ko kuma mu ɗauki ruwa, wanda kowa ya san tsohon ciwon garin nan ne. Da bazara, in famfo ya ɗauke a unguwa, jarka mai lita 25 ake ɗaurawa uku hagu uku dama. Jarka shida kilo 150 ke nan cif, kafin ma direba ya ɗaga ƙafa ya hau. Ba muna cewa a daina ba ne, domin wanda ba shi da ruwa a gida ba ya sauraron wa'azin makanike. Abin da muke cewa shi ne babur ɗin da ke irin wannan aiki, gammonsa ba zai yi kwanan da littafin kamfani yake zato ba.

Abin da ke cikin ƙarfen nan kashi biyu ne, kuma rashin bambance su ne tushen ruɗanin. Na farko shi ne sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen da kowa ke gani a waje. Shi ne mai ɗaukar nauyi, in an faɗa rami ya lotsa, sannan ya miƙe. Na biyu yana ɓoye a tsakiyarsa: wani ɗan bututu ne cike da mai, da sanda mai sheƙi da ke shiga tana fita. Duk lokacin da sifirin ya motsa, sai sandar ta tilasta wa man nan bi ta wasu ƙananan ramuka, kuma wannan matsi ne yake hana sifirin yin ta tsalle. Ke Hajiya, kin san yadda ludayi yake tafiya a cikin kunu mai kauri, kin kuma san yadda yake tafiya a cikin tsurar ruwa. Haka abin yake. Akwai wata 'yar roba a bakin bututun da ke tare man, makanikai suna ce mata sil. Ranar da ta cinye, mai ya fara tsiyaya, ƙura ta liƙe a jikinsa ta yi baƙi. In man ya ƙare, abin da ya rage shi ne sifirin kaɗai, babu mai riƙe masa linzami. Mai babur zai duba ya ga sifirin lafiya lau, bai karye ba, sai ya rantse maka shokozobansa ƙalau yake, alhali kwanko ne kawai.

Daga nan ɓarna take farawa, kuma ba ta tsaya ga ƙwai ba. Babur mai mataccen shokozoba in ya taka rami ɗaya sai ya yi tsalle uku ko huɗu, kuma a kowane tsalle taya tana rabuwa da ƙasa na ɗan lokaci. Tayar da ke sama kuwa ba ta jin birki, ba ta jin juyi. Wannan shi ne dalilin da ya sa za ka ga yaro ya taka birki a gaban amalanke ko akuyar da ta gitta, babur ya yi ta ja da shi har ya kai ga abin da yake gudu. A gaba abin ya fi muni, domin a busasshiyar hanya ƙafar gaba ce take ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa. In sandunan gaba sun zubar da mansu, da an kama birki sai kan babur ya nutse gaba ɗaya har ƙarfe ya bugi ƙarfe, taya ta zame. Man da ke tsiyaya kuma gangarawa yake yi, in ya isa ga birkin gaba ya jiƙa shi, an yi biyu babu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a haɗarin hanya a shekara, kuma in aka gwada da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan masu mutuwa. In an yi haɗari muna maganar gudu, muna maganar ƙwaya, muna maganar rashin hular kwano, kuma duk gaskiya ne. Amma da wuya ka ji wani ya durƙusa ya duba ko akwai mai a cikin shokozoban babur ɗin da ya kwanta.

Shi kansa mai babur bai tsira ba, jinkiri kawai ya samu. Bugun da gammo ya ƙi sha, wani wuri ne zai sha shi. Wayoyin ƙafa su fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, garen ƙafa ya lanƙwashe, taya ta riƙa cinyewa tudu da kwari tun ba ta yi rabin kwananta ba, noti ya yi ta kwancewa, kariya ta tsage, a ƙarshe ƙashin babur ɗin ya buɗe daidai inda shokozoba yake ɗaure, a kai wa mai walda ya yi masa ɗori. In aka tara kuɗin waɗannan gyare-gyare na shekara guda, sun isa a sayi sabon gammo har a yi canji. Ga kuma bayan yaron da ke tuƙi tun asuba har dare. Likitoci sun daɗe da sanin cewa jijjigar abin hawa ta yau da kullum tana haddasa ciwon baya, kuma samari nawa muka sani da ba su kai shekara talatin ba suna tafiya a dafe da ƙugu kamar tsofaffi? Kar mu manta kuma, babur ɗin nan ne dai ake kira da tsakar dare in mace ta fara naƙuda a ƙauye, ko tsoho ya kwanta, a ɗauke su zuwa likita a kan gargada.

Yanzu mu ba hanya haƙƙinta. Gaskiya ne an shimfiɗa kwalta a wasu manyan titunan gari lokacin shirin Zinder Sabuwa, na bikin 18 ga Disamba 2018. Amma kasuwanci ba a kan babban titi yake ƙarewa ba. Lungunan Birni duwatsu ne, bayan gari rairayi ne, hanyoyin ƙauye kuma da suke kawo mana rake da rogo da kayan miya daga fadamun Matamai da Magarya da Gidimuni, in aka sauka daga kwalta sai burji da gargada. Damunar 2024, wadda ta rushe tsohon masallacin Birni a farkon Satumba, ta bar kwazazzabai a wuraren da a da ake wucewa a guje. Ga ƙurar hunturu, wadda ita ce babbar abokiyar gabar robar nan mai tare mai: ta liƙe a jikin sanda mai sheƙi, tana shiga tana fita da ita, tana gurzar robar kamar yadda yashi ke gurzar tukunya. Duk wannan mun yarda. Sai dai hujjar tana komawa kan mai kawo ta ne. In hanyarmu ta fi ta wasu muni, mu ne muka fi kowa buƙatar lafiyayyen gammo. Gyaran hanya sai mun jira gwamnati, wannan kuwa bai fi yinin makanike ɗaya ba.

Abin takaici shi ne dabarun da muka ƙirƙiro domin kauce wa gyaran gaskiya. Wani zai sa a cusa guntun bututu ko tarin wasa-wasan ƙarfe a ƙarƙashin sifirin domin babur ya ɗaga. Ya ɗaga kam, amma ya zama gungume, kuma man da ya ƙare bai dawo ba. Wani zai rage iskar taya domin ya ji laushi, sai taya ta riƙa zafi, tib ya riƙa fashewa a bakin kowane dutse. Wani makanike in ya buɗe sandunan gaba sai ya ɗura musu ƙonannen baƙin mai da aka juye daga inji, da ido kawai, wannan ƙafa ta fi waccan, babur ya riƙa ja gefe guda kamar jaki mai ɗingishi. Akwai kuma masu ƙara shokozoba biyu a kan biyun asali, a yi walda, su zama huɗu. Wannan aƙalla yana nuna mai shi ya gane akwai matsala, amma ya sani birki da taya da ƙashin babur ɗin suna nan yadda kamfani ya yi su, ƙarin sifirin bai mayar da jaki raƙumi ba.

Za a ce mana, kuma da gaskiyar mai faɗi, ɗan kabu-kabu ina ya ga kuɗi? Shekarun nan ba su yi wa sana'ar sauƙi ba. Kayan gyaran babur daga Sin da Indiya suke fitowa, da yawa ta Legas da Nnewi da Kano kafin su ƙetaro mana ta Dan Barto ko ta Magarya. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sai a Maris 2024 aka buɗe. A tsakani kuma, ranar 29 ga Mayu 2023, Shugaba Tinubu ya janye tallafin mai, kwalbar 'yan ruwa-ruwa da ta saba rufa wa masu babur asiri ta daina araha. Ragin da gwamnati ta yi a Yuli 2024, da ya mayar da litar esansi 499, ya taimaka, amma yaron da zai sayi mai, ya kai cefane gida, ya kuma kai balas da maraice, ba shi ne zai ware kuɗi domin abin da bai hana babur tashi ba.

To a nan ne maganar ta dawo gidanmu. Balas ɗin nan wa ake kai wa? Da yawa daga baburan da ke tsaye a ƙofar kasuwa ba na masu tuƙa su ba ne. Na Alhaji ne mai shagon atamfa, na Hajiya ce mai sayar da shinkafa da ta ɗauki adashe ta sayi biyu ta ba 'ya'yan maƙwabta. Wato mai babur da mai kaya sau da yawa ɗan rumfa ɗaya ne, ko ma mutum ɗaya. Alhaji yana karɓar balas da hannun dama, yana asarar kwandon tumatir da hannun hagu, bai kuma taɓa haɗa lissafin biyu a takarda ɗaya ba. A irin yarjejeniyar da aka saba, ƙaramin gyara na yaro ne, babba na mai babur, shi kuwa shokozoba ya faɗa tsakani: yaro ya ce babba ne, maigida ya ce ai babur yana tafiya. Muna ganin a fitar da shi daga wannan rami. A faɗa tun ranar miƙa makulli, a gaban shaidu, cewa gammo na mai babur ne, kamar yadda akumari yake na mai jaki. Kuma abin bai kai yadda ake tsoro ba. Dala ashirin a rana, in aka ware ta daga balas aka jefa a asusu, cikin kwana 100 ta zama jika goma. Shokozoban baya guda biyu na irin waɗannan babura ba su kai kuɗin buhun hatsi ɗaya ba. Matan da suka iya haɗa adashen kayan ɗaki ba za su kasa haɗa wannan ba.

Wadda ba ta da babur kuma tana da abin da ya fi ƙarfi, wato zaɓi. Kusan kowace 'yar kasuwa tana da yaron da ta saba kira, mai lambarta a waya, wanda ya san gidanta da rumfarta. Gwajin ba ya buƙatar sifana. Kafin a ɗaura kaya, ki sa ya danna bayan babur da ƙarfi ya saki. Lafiyayye zai taso sau ɗaya ya tsaya. In ya yi ta lilo, ko ya yi ƙara kamar an buga ƙarfe, ko ya lotsa ya ƙi tasowa, ya mutu. Ya kama birkin gaba ya danna kai, a ga ko haka. Sannan ki dubi sandunan nan masu sheƙi: in akwai danshin mai da baƙar ƙura a jikinsu, ko zoben mai a inda suke shiga, robar ta tafi. Ba sai an yi faɗa ba. “Ɗana, babur ɗinka ya gaji, ka gaya wa maigidanka, ƙwaina ba za su hau ba sai an gyara.” In mata biyar a layi ɗaya suka faɗi haka a mako ɗaya, maigida zai ji kafin Juma'a. Wadda kuma ta sami yaro mai kula da babur ɗinsa, ta riƙe shi, in ta ƙara masa dala goma a kan kaya masu fashewa ba ta yi asara ba.

In an tashi gyaran, a yi shi yadda ya kamata, domin a nan ma ana zubar da kuɗi a banza. Na baya a irin waɗannan babura a rufe ake ƙera su, ba a buɗewa a sake ɗura mai, saboda haka canzawa ake yi, kuma biyun tare. Wanda ya canza ɗaya ya bar ɗaya, sabon ne zai ɗauki aikin biyu ya mutu da wuri, babur kuma ya riƙa karkata a kwana. A tafi kasuwa da tsohon a hannu, a gwada tsawo daga ido zuwa ido, domin wanda ya fi tsawo ko gajarta yana canza zaman babur da tsaurin sarƙa. Yawancinsu suna da wani zobe mai matakala biyar a gindi, wanda ake murɗawa gwargwadon nauyin da aka saba ɗauka, to hagu da dama su zama a mataki ɗaya. Kada a ƙarasa ɗaure noti babur yana rataye a kan tsayuwar tsakiya, a sauke shi a kan ƙafafunsa tukuna, in ba haka ba robobin idon za su murɗe su yage. Tun da an kwance, makanike ya girgiza ƙafar baya hagu da dama ya ga ko robobin hannun da ke riƙe da ita sun cinye, domin sabon gammo a kan hannu mai lilo ɗinkin sabon ƙyalle ne a tsohuwar riga. Na gaba kuwa sun fi sauƙi: in sandar ba ta lanƙwashe ba kuma tsatsa ba ta ci ta ba, sabon sil da sabon mai mai tsabta sun isa, a auna da mudu ɗaya a kowace ƙafa. A sa musu robar nan mai kama da zugazugi da ke rufe sanda, kuɗinta kaɗan ne, a garin ƙura irin namu kuwa ita ce mai tsawaita kwanan duk abin da aka saya.

Akwai magana kuma ga 'yan uwanmu masu sayar da kayan gyara, domin su ma 'yan kasuwa ne, tare muke sallama da safe. Araha ba ta ado, wannan kowa ya sani, amma mai saye yana da haƙƙin a gaya masa wanne ne mai nagarta, wanne ne na jeka-ka-dawo, ya zaɓa da saninsa. Abin da ba shi da uzuri shi ne tsohon shokozoba da aka wanke, aka fesa wa sifirinsa jan fenti, aka sa a leda. Mai saye zai iya kare kansa: ya dubi sandar ko da ƙarzuwa, ya dubi robobin ido ko sun tsattsage, ya dafa shi a ƙasa ya danna da nauyinsa ya ji ko yana dawowa a natse ko kuwa yana zabura. Mai shagon da ya hana ka wannan gwaji ya riga ya ba ka amsa.

Ba mu kira a ƙirƙiro wata sabuwar tara ba. Yaran nan sun ishe su da tsayarwa a hanya, kuma mun san inda irin wannan doka take ƙarewa. Ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu da shugabannin tasha, waɗanda suka san kowane babur da mai shi, sun fi kowa iya cewa wannan ba zai ɗauki mai ciki ko buhu daga layinmu ba sai an gyara. Hukumar kiyaye haɗurra ta ANISER da gidajen rediyon gari kuma, in suna faɗakarwa a kan hular kwano, su ƙara minti ɗaya a kan gwajin dannawa da saki. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen damina, sa'ad da hanya ta gama dukan babur, kaka kuma tana shirin ɗora masa buhunan hatsi da wake da gyaɗa daga Mirriya da Dirum da Takeita.

Abu na ƙarshe, Alhaji, in an canza maka, kada ka bar tsohon a garaji. Ka karɓe shi, ka kai wa masu awon ƙarfe da hannunka a jefa a sikeli. In ka bar shi a nan, wata biyu sun isa ya sha jan fenti ya dawo kasuwa a cikin leda, kuma mai yiwuwa yaron da ke ɗaukar kayan uwargidanka ne zai saya.